Ranar da kwamfutata ta koma 2009

Da safe na kunna kwamfutata, tsohuwar mai akwati wadda ta girmi autana, sai ta tsaya cak a kan baƙin allo, wai sai na danna F1 kafin ta motsa. Na danna. Windows ta shigo lafiya lau, amma duk shafin da na nufa a intanet sai a ce mini ba a amince da shi ba. Har Google, Google guda! Can ƙasa a kusurwar dama idona ya faɗa kan agogo: 1 ga Janairu, 2009, sha biyun dare. Rana kuwa ga ta nan ƙwal ta taga.

Na gyara agogon, shafuka suka buɗe. Ashe takardar shaidar tsaro ta kowane shafi tana da ranar fara aiki, ita kuwa kwamfutar a lissafinta ba a ma haifi takardun ba. Da dare na kashe soket kamar kullum, washegari muka sake wayar gari a 2009. Kwana uku ana wannan, na ce to, lokacin shiga BIOS ya yi.

BIOS shi ne ɗan shirin da ke zaune a jikin babban allon na'ura. Shi ke fara farkawa, ya duba ƙwaƙwalwa da faifai da allon rubutu, sannan ya miƙa wa Windows ragama. Ƙofarsa kuwa ƙiftawa da bismilla ta rufe. Na danna F2, Windows ta wuce ni. Na sake kunnawa na danna F10, ta sake wucewa. A karo na biyar na baza yatsu a kan F2 da F10 da Esc da Del ina dukansu kamar makaɗi, sai ga shuɗin allo mai layi-layi, babu linzami, sai kibiyoyi. Del ne ashe.

Gyaran agogo bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Da nan na fita, da babu labari. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na shiga leƙe-leƙe, na tarar an rubuta AHCI a gaban faifai. Ban san shi ba. Kusa da shi ga IDE, wanda na taɓa jin sunansa, saboda haka na zaɓi ɗan gida na kori baƙo. Na ga wurin sa kalmar sirri, na ce tsaro ai ba ya yawa, na sa wata doguwa mai wuyar gaske. Na danna F10 na adana, na jingina da kujera ina jin kaina injiniya.

Windows ta fara tasowa, ta yi shuɗi fes, ta mutu. Ta sake tasowa, ta sake mutuwa. A kan AHCI aka girka ta, ni kuwa na canza mata yaren da take magana da faifai da shi, ta rasa hanyar ɗakinta. Na garzaya in mayar, BIOS ya ce kalmar sirri. Na rubuta, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. A na uku ya kulle gaba ɗaya. Kalmar ta yi tsaro sosai, har mai ita ta tsare.

Awa uku ina zufa ina gwada sunayen dangi da ranakun haihuwa, har babbar 'yata ta leƙo.

"Abba, lafiya kake faɗa da kwamfuta?"

Na ce mata wannan ba aikin yara ba ne. Ta ce to. Ta zare wayar wuta, ta kwance kusoshi biyu, ta cire murfin gefe, ta hure ƙura, ta nuna mini wani ɗan batir mai ƙyalli kamar kwabo.

"Abba, wannan ne ke riƙe agogo da duk saitin da ke cikin CMOS, 'yar ma'ajiyar BIOS, idan babu wuta. CR2032 sunansa. Naka ya mutu, shi ya sa take mantuwa duk dare." Ta ɗan yi shiru, tana cije dariya. "Kalmar sirrin taka ma, da soket kawai ka kashe na ɗan lokaci, da ta manta da ita."

Ban ce uffan ba. Na tambaye ta ina za mu samu irinsa, ta ce sai an saya. Ni kuwa ina neman inda zan farfaɗo da mutuncina, sai na tuna makullin motata irin wannan batir yake ci. Na ɓalle shi a gabanta, na ciro, na danna a ramin da kaina. Kwamfuta ta yi ƙara ɗaya gajeriya, ta tashi a kan AHCI ɗinta, muka saita kwanan wata. Na dubi yarinyar na ce, "Kin gani ko? Gogewa daban, boko daban."

Washegari ƙarfe bakwai da rabi ina tsaye gaban mota, na makara, ina ta matsa makulli, mota ta yi kunnen uwar shegu. Sai ga murya daga taga:

"Abba, in zare mata wayar wuta ita ma?"