Manhaja ɗaya nake so, ba kasuwa ba

A Ubuntu, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, mutum zai buɗe terminal, tagar rubuta umarni, ya rubuta sudo apt install, wato ya ce wa apt, mai saka manhajoji, ya saka masa wata, niyyarsa ƙaramar manhaja ɗaya tak. Sai kwamfuta ta zazzago masa jerin wasu manhajoji da ta ce dole a haɗa da su, wai ita waccan ba ta tsayuwa da ƙafarta. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san zafin ganin megabait ɗari uku suna tafiya saboda abin da bai kai goma ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Firefox, manhajar shiga intanet. Tun Ubuntu 22.04, ka nema ta apt, a ɗora maka ta Snap, wani tsarin saka manhaja na daban, ba tare da an tambaye ka ba. Snap kuwa na sabunta kansa a ɓoye, kana cikin aiki data ta ƙare. Ga Flatpak, wani tsarin irinsa, can gefe, shi ma da nasa buhun kayan.

Idan kuma ka sauko da fayil ɗin .deb, wato ƙunshin manhajar, ka saka da umarnin dpkg, ya tsaya a rabi yana kukan wani laburare, wato guntun manhaja da yake dogara da shi, ya ɓace, sai ka koma apt ka roƙe shi ya gyara ɓarnar. Haba! Wannan wahalar ta yi yawa.