Haramta kamun kifi da dare: an bar jaki ana dukan taiki

Tun da hotunan nan na tauraron ɗan'adam suka sake karaɗe shafukan sada zumunta, waɗanda ke nuna ɗaruruwan jiragen kamun kifi sun haske tekun da ke gabashin Ajantina da fitilunsu, ake ta jin wani kira da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wai a haramta kamun kifi da dare ɗungurungum, a teku da tafki da kogi, kowa ya naɗe komarsa da faɗuwar rana. Masu wannan kira sun ɗauka cewa duk wanda ya shiga ruwa cikin duhu yana da abin da yake ɓoyewa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda masu riƙe da muƙami ke saurin rungumar irin wannan magana, domin doka ce mai daɗin sanarwa a gaban 'yan jarida, ba ta bukatar bincike, ba ta bukatar kuɗi, kuma wanda za ta faɗa a kansa ba shi da muryar da za a saurara.

Jiragen da suka tayar da ƙurar, waɗanda mafi yawansu na China ne, wata halittar teku suke farauta mai hannaye da yawa da ake kira sikwid, wadda haske ke jawowa zuwa saman ruwa. Galibinsu sukan yi dafifi ne daf da bakin iyakar mil 200 na ma'aunin teku daga gaɓa da yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta bai wa kowace ƙasa mai gaɓar teku iko a kan albarkatunta, kuma a wancan ɓangare na Tekun Atilantika babu wata hukumar yanki da ke ƙayyade yawan abin da za a ɗiba. Saboda haka ko duk ƙasashen yankin sun taru sun hana kamun kifi da dare a ruwansu, dokar ba za ta taɓa ko jirgi ɗaya daga cikin waɗanda ke bayan iyaka ba. Waɗanda kuwa ke kashe na'urar da ke nuna inda suke su lallaɓa su tsallako, sun riga sun aikata laifi ko da tsakar rana suka tsallako, kuma a 2016 jami'an tsaron gaɓar Ajantina sun nutsar da ɗaya daga cikin irinsu ba tare da sun jira wata dokar dare ba.

To, wa dokar za ta kama ke nan? Za ta kama masunci mai kwalekwale, wanda kifin ne da kansa ya tsara masa lokacin aiki. Ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci sukan nutse ƙasa da rana don guje wa masu farautarsu, sai dare ya yi su taso sama, ƙananan kifaye su biyo su. Tarwaɗa da danginta ma da dare suka fi kiwo, da gashin baki suke lalube, ba su dogara da ido ba. Duk wanda ya taɓa shimfiɗa mamari da yamma ya dawo da asuba ya san wannan ba tare da an karanta masa littafi ba.

A Tafkin Biktoriya, wanda Tanzaniya da Yuganda da Kenya suka yi tarayya a kansa, kifin da ya fi kowane yawa a ma'auni wani ɗan ƙarami ne da bai kai tsawon yatsa ba, da ake kira dagaa ko mukene ko omena gwargwadon ƙasar. A daren da babu farin wata ake kamunsa. Masunta kan ɗaura fitilu a kan 'yan itatuwa masu yawo a ruwa, su jera su nesa kaɗan da juna, su kashe inji su zauna shiru na sa'o'i har kifi ya taru a ƙarƙashin hasken, sannan su janyo fitilun a hankali zuwa wuri guda su kewaye su da koma. Kafin gari ya waye sun iso gaɓa, inda mata ke jira da kwanduna, su baza kifin a kan raga ko dutse domin ranar wannan wunin ta busar da shi. Wannan tsari yana da hikimarsa, domin kifin da aka fito da shi da asuba yana da wuni guda cur na rana a gabansa, wanda aka fito da shi da la'asar kuwa zai kwana da danshi ya ruɓe a wurin da babu ƙanƙara babu lantarki. Wanda ya ce a mayar da wannan sana'a ta rana, kashe ta yake nufi ko ya sani ko bai sani ba, kuma tare da ita zai kashe abinci mai gina jiki mafi sauƙin samu ga miliyoyin talakawan yankin.

Ba na musun cewa kifi yana raguwa. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa kashi 37.7 cikin ɗari na nau'o'in kifin teku da ake bibiya ana ɗibarsu fiye da yadda za su iya hayayyafa. Amma a dubi inda ɓarnar take fitowa. A Tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, kifin kapenta da aka kawo daga Tafkin Tanganyika a ƙarshen shekarun 1960 da dare ake kamunsa da fitila tun farkon sana'ar, kuma ya yi shekaru yana albarka. A 1999 ƙasashen biyu suka amince cewa jirage 500 tafkin zai iya ɗauka, 275 ga Zimbabuwe, 225 ga Zambiya. Daga baya aka yi ta raba lasisi, wasu kuma suka shiga ba lasisin ma, har yawan jiragen ya zarce wancan adadi nesa ba kusa ba, abin da kowane jirgi ke samu a dare ya faɗi warwas. Daren Kariba bai ƙara tsawo ba tsakanin lokacin albarka da lokacin ƙamfa, jiragen ne suka ƙaru, kuma waɗanda suka sa hannu a takardun lasisin da rana tsaka suka sa.

Gana ce misalin da masu kiran haramci suka fi kafa hujja da shi, alhali kuwa ya fi zama hujja a kansu. Ƙa'idojin kamun kifi na ƙasar na 2010 amfani da haske wajen jawo kifi suka hana, domin fitilu masu ƙarfi da janareta ke kunnawa, waɗanda ake zurawa cikin ruwa, suna tattaro manya da 'ya'ya da masu ɗauke da ƙwai gaba ɗaya, kuma wasu kan haɗa da nakiya ko guba. Wannan hani ne da ya auna kayan aiki, ya bar masunci ya fita lokacin da sana'arsa ta bukata. Duk da haka kifin bai farfaɗo ba, saboda dokar ta fi ƙarfi a takarda, kuma manyan jirage masu jan koma a ƙarƙashin teku sun daɗe suna kwashe ƙananan kifaye suna sayar wa kwalekwale a tsakiyar ruwa, cinikin da ake kira saiko, har Tarayyar Turai ta ba ƙasar katin gargaɗi a 2021 kan gazawarta wajen hana kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar da ta kasa hana jirgin ƙarfe mai rajista da suna da lamba, da wane ido za ta tsare dubban kwalekwale cikin duhu?

Ko a ƙasashen da kamun kifi da fatsa ya zama abin nishaɗi, doka ta daɗe da gane wannan. A Ingila babu wani hani na ƙasa baki ɗaya a kan dare, mai tafki ko ƙungiyar da ke kula da wurin ke sa nata sharaɗin, amma an rufe koguna ga yawancin kifayen ruwan daɗi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni na kowace shekara domin lokacin zubar da ƙwai ne. A Jamus kuwa jihar Baden-Württemberg, wadda ta daɗe tana riƙe da hanin dare, ta janye shi a 2022 bayan masunta sun kai ƙara kotu sun yi nasara.

Masu cewa duhu yana ɓoye mai guba da mai nakiya, don haka a hana kowa fita, suna neman a hukunta dubu ne saboda jami'i ɗaya ba ya son barin shimfiɗarsa. Batun haɗari ya fi wannan nauyi, domin guguwa mafi muni a Tafkin Biktoriya da dare take tasowa, kuma tana cin rayukan masunta masu yawa kowace shekara. Sai dai mutumin da yunwa ta kora cikin ruwa ba zai fasa ba don an buga doka. Zai fita ne a ɓoye, ya kashe fitilar da za ta sa wani jirgi ya gan shi, ya guje wa mashigar da aka sani, ya ƙi gaya wa kowa inda ya nufa, in kwalekwalensa ya kife kuma iyalinsa su ji tsoron kai rahoto. Dokar da aka yi da sunan kare rai sai ta koma mai ƙara gawa, ban da ƙofar cin hanci da za ta buɗe wa duk mai kaki da ya tsaya a gaɓa da asuba yana jiran masu dawowa. Na ɗauki wannan a matsayin zalunci tsantsa, kuma ya fi ciwo da yake a kan masu ƙaramin ƙarfi yake sauka, waɗanda su ne kusan kashi 90 cikin ɗari na masu aikin kamun kifi a duniya, suke kuma samar da kimanin kashi 40 cikin ɗari na abin da ake kamawa.

Abin da ya kamata a sa wa ido sananne ne: faɗin idon koma, ƙarfin fitila, yawan jirage, wuraren hayayyafa da watannin zubar da ƙwai. Mafi yawan wannan a gaɓa ake iya duba shi, lokacin da aka sauke kaya, domin kifin da bai isa kamu ba yana nan a kwando kowa na gani. A jawo shugabannin masunta cikin tsaron ruwansu, a wadata su da rigunan kariya da hasashen yanayi ta wayar salula, a kuma sa wa jiragen sintiri mai su riƙa fita da dare, su fara da manyan jiragen da ke kashe na'urarsu.