Fina-finan gwaraza: abin da ke tsufa da abin da ke saura

Kusan duk lokacin da kamfanin Marvel ko na DC ya saki sabon fim, sai jaridu da shafukan nishaɗi su sake fito da jerin fina-finan gwarazan nan masu ƙarfin ban mamaki, daga wanda ya fi kyau zuwa wanda ya fi muni, kuma sau da yawa sabon shi ne yake ɗarewa kusa da sama. Bayan shekara biyu ko uku, idan ɗoki ya kwanta, sai a gan shi ya gangaro tsakiyar jeri ba tare da kowa ya yi bayani ba. Wannan hawa da sauka shi ya sa nake ganin bai kamata a ba fim matsayi a irin wannan jeri ba sai ya kai aƙalla shekara goma da fitowa, domin a lokacin ne ake iya raba abin da ya burge ido don sabuntarsa da abin da ya taɓa zuciya don nagartarsa.

Ma'aunai biyu da aka fi dogara da su duka suna da rauni. Na farko shi ne kuɗin da fim ya tara. Superman na 1978 ya samu kimanin dala miliyan 300 a duniya, Avengers: Endgame na 2019 kuwa ya tara kusan dala biliyan 2.8, amma tsakanin shekarun nan farashin tikiti ya ninka sau da yawa, kuma kasuwar China, wadda a 1978 ba ta cikin lissafin Hollywood, ta zama ɗaya daga cikin manya. Na biyu shi ne makin Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara sharhin fina-finai, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin sakamakon jarrabawa, alhali abin da yake ƙirgawa shi ne kason masu sharhi da suka ce fim ya yi. Fim ɗin da kowa ya ce ba laifi zai iya zarce wanda rabin masu sharhi suka ɗauka gagarumin aiki ne, rabi kuma suka ƙi shi.

Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne. A zaunar da mutumin da bai taɓa karanta mujallun zanen da aka ɗauko labarin daga ciki ba, bai kuma san abin da aka yi ta faɗa a shekarar da fim ya fito ba, a kunna masa, a ga ko zai damu da abin da zai faru da mutanen da ke ciki.

Superman na Richard Donner yana cin wannan jarrabawa, duk da cewa tsufansa a fili yake. Wuraren tashi sama, waɗanda suka samar wa fim ɗin lambar Oscar ta musamman, yanzu ana gane cewa mutum ne rataye a gaban hoton da aka haska, kuma ƙarshen labarin, inda gwarzon ya yi ta zagaya duniya har lokaci ya koma baya, ya ɓata nauyin mutuwar Lois Lane, 'yar jaridar da yake so, da aka gina da kyau. Barkwancin mugun fim ɗin, Lex Luthor, da yaronsa ma ya yi yawa. Amma akwai wani ɗan gajeren waje a gidan Lois, inda Christopher Reeve yake tsaye a matsayin Clark Kent, sunan da Superman ke ɓuya da shi, ya cire tabarau, ya miƙe kafaɗu, muryarsa ta yi kauri, har mai kallo ya ga kamar tsawo ya ƙaru masa, sannan zuciyarsa ta karaya ya mayar da tabarau ya koma ɗan jarida mai in-ina. Babu kwamfuta a wajen, babu igiya. Jikin ɗan wasa ne kawai ya amsa tambayar da aka daɗe ana yi, wato yadda tabarau zai iya ɓoye mutum. Idan aka haɗa wannan da kiɗan John Williams, za a gane dalilin da ya sa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka fim ɗin a rijistar finafinan da ake adana wa ƙasa a 2017.

To amma ba kowace tsohuwar zuma ake magani da ita ba, kuma a nan ne nake rabuwa da waɗanda ke fifita duk abin da suka kalla suna yara. Batman na Tim Burton, wanda ya fito a 1989, yana da birnin Gotham da har yau ba a gina irinsa ba, aikin Anton Furst da ya ci Oscar, yana kuma da kiɗan Danny Elfman. Sai dai idan aka sake kallonsa da idon basira, za a ga labarin ya yi sako-sako, Jack Nicholson, wanda ya fito a matsayin mugu Joker, ya cinye fim ɗin har mai sunan ya zama kamar baƙo, kuma rigar roba da aka sa wa Michael Keaton ta hana shi juya wuya, ta yadda faɗansa ya zama a sandare. Mayar da Joker wanda ya kashe iyayen Bruce Wayne, wato Batman, kuma ya ƙuntata labarin ya koma ramuwar gayya tsakanin mutum biyu. Wanda ya ɗora shi a sahun farko, a ganina, sabo ne ya ɗaure shi a turke. Fim ne mai muhimmanci a tarihi, amma muhimmanci daban, daɗin kallo a yau daban, kuma yawancin jerin da ake wallafawa suna cakuɗa su biyun.

Haka X-Men na 2000 yake, sai dai ta wata fuskar. Siddabarunsa ya kwana biyu, faɗan ƙarshe a kan gunkin 'yanci na New York ba shi da armashi, amma buɗe fim ɗin a sansanin gwale-gwalen Nazi a Poland a 1944 ya ba mugun fim ɗin, Magneto, dalilin da mai kallo ba zai iya watsarwa ba, kuma duk inda Ian McKellen, mai wasan Magneto, da Patrick Stewart, mai wasan jagoran X-Men, suka zauna suna gardama, fim ɗin yana tsaye da ƙafarsa.

Wanda na ɗora a saman nawa jerin shi ne Spider-Man 2 na Sam Raimi, na 2004, kuma dalilina ba faɗa ba ne. Fim ɗin ya ɓata lokaci mai tsawo yana nuna Peter Parker, wato Spider-Man, a matsayin matashin da rayuwa ta yi wa tsanani: an kore shi daga aikin kai abinci saboda latti, mai gida yana binsa kuɗin haya, karatunsa na jami'a yana taɓarɓarewa, banki yana neman karɓe gidan Anti May wadda ta raine shi, yarinyar da yake so kuma ta gaji da jira. Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin gida alhali aljihunsa babu komai zai gane wannan yaro, ko a wace ƙasa yake. Sa'ilin da ya jefa rigarsa a kwandon shara, mai kallo ba ya ganin laifinsa. Wajen da ya fi nauyi a fim ɗin kuwa a kan teburin cin abinci yake, inda ya gaya wa tsohuwar cewa shi ne ya ƙyale ɓarawon da daga baya ya kashe mijinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, sai ta zare hannunta daga nasa ta tashi ta hau bene. Shekara ashirin ba su rage wa wannan shiru komai ba.

Ko faɗan saman jirgin ƙasa da aka fi yabawa, abin da ya sa ya daɗe shi ne abin da ya biyo bayansa, lokacin da yaron ya suma bayan ya tsayar da jirgin, fasinjoji suka tallabe shi a hannu suka shigo da shi, suka ga fuskarsa, suka kuma mayar masa da abin rufe fuskar tare da alkawarin ba za su faɗa wa kowa ba. Sannan hannayen ƙarfe huɗu na mugun fim ɗin, Doctor Octopus, a wurare da yawa na kusa, kayan gaske ne da mutane ke sarrafawa a bayan Alfred Molina, shi ya sa har yanzu ido ke yarda suna da nauyi. A kwatanta da Green Lantern na 2011, wanda aka zana wa jaruminsa rigar gaba ɗaya da kwamfuta: ya zo bayan shekara bakwai, amma ya riga shi tsufa.

The Dark Knight, fim ɗin Batman na Christopher Nolan, na 2008, shi ke biye. Babbar motar da aka kifar a titin LaSalle na Chicago da gaske aka kifar da ita, kuma wasan Joker na Heath Ledger, wanda ya rasu a Janairun shekarar kafin fim ɗin ya fito, aka kuma ba shi Oscar bayan mutuwarsa, bai yi sanyi ba. Masu kallo a wajenmu sun saba raba fim gida biyu, akta da bos, to wannan bos ne da ba kuɗi yake nema ba, so yake ya tabbatar cewa mutanen kirki za su ci amanar juna idan aka matsa musu. Tambayar da fim ɗin ya yi game da leƙen asirin wayoyin jama'a da sunan tsaro ta ma fi dacewa da yau fiye da 2008. Abin da ya hana ni ɗora shi a farko shi ne gaggawar da aka yi wajen juyar da Harvey Dent, lauyan gwamnati na Gotham, daga mai gaskiya zuwa makashi, da kuma wasu faɗace-faɗace da aka yanka ta yadda ba a gane wa ya naushi wa.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san wannan bambanci tun tuni. Mr. India na 1987, labarin mutumin da ke riƙon marayu ya samu na'urar da ke ɓoye shi daga ido, har yau ana tuna shi saboda yaran da kuma Mogambo na Amrish Puri, alhali Ra.One na 2011, da duk kuɗin da aka zuba wa siddabarunsa, ba kasafai ake komawa gare shi ba.

Damuwata ta fi yawa game da fina-finan Marvel na bayan 2012. Iron Man na 2008 zai daɗe, domin labari ne cikakke na mai sayar da makamai da ya ga abin da hajarsa ke yi wa mutane. Black Panther na 2018, fim na farko irin wannan da ya shiga takarar Oscar ta fim mafi kyau, zai daɗe saboda gardamar da ke tsakanin sarki T'Challa da abokin gabarsa Killmonger kan haƙƙin da ke wuyan Afirka mai arziki game da 'ya'yanta da aka warwatsa, da kuma tufafin Ruth Carter, ko da yake faɗan ƙarshe a ramin haƙar ma'adinai tun ranar fitowarsa yake kama da wasan kwamfuta. Endgame ne abin tambaya. Shi ne fim na 22 a jerin fina-finan Marvel masu haɗe da juna, tsawonsa awa uku, kuma mafi yawan wuraren da suka sa ɗakunan kallo suka ɓarke da sowa sun dogara ne a kan shekara goma sha ɗaya na jira da sanin abin da ya gabata. Ba na raina shi, domin haɗa wannan zare ba ƙaramin aiki ba ne, kuma na fahimci waɗanda suka ji haushin darakta Martin Scorsese a 2019 da ya kwatanta irin waɗannan fina-finai da wuraren wasan shaƙatawa. Amma yaron da za a kunna wa Endgame a 2040 sai ya fara kallon fim 21 kafin ya san dalilin da ya sa ɗaga gudumar Thor da Captain America ya yi abin murna ne. Logan na 2017, wanda ya nuna gwarzo ya tsufa yana jinyar malaminsa da hankalinsa ya fara gushewa, ba ya buƙatar wannan sharaɗi, shi ya sa nake sa ran idan ya cika shekara goma zai shiga ukun farko a wajena, ya tura Superman zuwa na huɗu.