The Flash: yabon da aka cika masa ne ya fara kayar da shi

A watan Janairun 2023, ana saura wata biyar The Flash ya shiga silima, James Gunn wanda bai daɗe da karɓar ragamar DC Studios ba ya fito ya ce wannan fim yana cikin mafiya kyau da aka taɓa yi a fina-finan jarumai irin su Batman da Superman. Shugaban Warner Bros. Discovery, kamfanin da ya mallaki DC, wato David Zaslav, shi cewa ma ya yi bai taɓa ganin kamarsa ba. Ga kuma Michael Keaton zai sake saka kayan Batman, rabonsa da su tun 1992. To dan Allah wane mai son irin waɗannan fina-finan ne zai ji haka bai ƙagu ba?

Da watan Yuni ya zo sai lissafi ya ƙi. Dala miliyan 55 ya samu a ƙarshen makon farko a Amurka, mako na biyu kuwa ciniki ya faɗi da kashi 72 cikin ɗari, wato waɗanda suka fara kallo sun fito ba su ce wa abokansu ku je ba. A duniya gaba ɗaya ya tsaya a wajen miliyan 270, fim ɗin da aka kashe wa kusan miliyan 200 ko fiye ban da kuɗin talla, kuma masu gidajen silima ma sai sun cire nasu kason.

Ni fa ban yarda da masu cewa fim ɗin shara ne ba, kuma wannan shi ya fi min ciwo. Akwai labari mai kyau a cikinsa. Barry Allen, wato Flash mai gudun walƙiya, yana yaro aka kashe mahaifiyarsa, aka ɗaure mahaifinsa kan laifin da bai yi ba, sai ya gano gudunsa zai iya mayar da shi baya, shi ne ya koma ya saka gwangwanin tumatir ɗaya a kwandon sayayyar uwar don kada uban ya fita ya bar ta ita kaɗai a gida ranar da abin ya faru. Can wajen ƙarshe da ya gane dole ya warware abin da ya yi, ya tsaya a gabanta cikin kanti, ba ta san ɗanta ba ne, shi kuma ya san bankwana yake yi, ta ga baƙo yana hawaye ta rungume shi. Wallahi duk wanda ya rasa uwa ya san abin da ke cikin wannan wurin, babu faɗa babu fashewar komai amma nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi.

Sai dai ba wannan aka sayar wa mutane ba, tallar duk ta tafi ne kan Batman ya dawo, ga Supergirl, ga Zod abokin gabar Superman, ga wasu da za ku gani ku sha mamaki. Kuma idan ka ce wa mutum zai ga abin da ba a taɓa yi ba, to fim mai ɗan dama-dama ba zai ishe shi ba, da ma'aunin da ka ba shi zai auna ka. Tun farkon fim inda jarirai ke faɗowa daga benen asibiti, aikin kwamfutar bai nuna ba, jariran kamar 'yar tsanar roba. Darakta Andy Muschietti ya ce wai da gangan aka yi wasu hotunan haka don yadda Flash yake ganin duniya kenan idan yana gudu, amma mai kallo da ya biya kuɗin tikiti bai ga haka ba, aikin gaggawa ya gani, a fim ɗin da tun 2014 aka sanar da shi daraktoci suna shiga suna fita.

Wasu suna cewa ai mutane ne suka gaji da fina-finan jarumai. Ban ce babu gajiya ba, amma Guardians of the Galaxy na uku, wanda shi Gunn ɗin ya yi kuma ya fito a watan Mayun shekarar, ya haura dala miliyan 800, Spider-Man na katun da ya riga Flash fita da mako biyu shi ma labarin duniyoyi barkatai ne kamar na Flash ɗin kuma ya doshi miliyan 700. Rigingimun Ezra Miller wanda ya fito a matsayin Flash, har da kama shi da aka yi a Hawaii a 2022, sun yi illa kam, jarumin fim bai zaga yin talla ba. Amma kamfanin da kansa ya riga ya sanar cewa za a sake sabon zubi a duniyar DC, to me zai sa mutum ya damu da makomar jaruman da aka gaya masa za a ajiye su?

Abin da har yanzu ban yafe ba shi ne wurin da aka jero fuskokin tsofaffin jarumai. Christopher Reeve da ya taɓa fitowa a Superman ya rasu tun 2004, George Reeves da shi ma ya yi Superman tun 1959, Adam West da ya yi Batman a 2017, aka dawo da siffarsu da kwamfuta suna tsaye ba magana, ba su ƙara wa labarin Barry da uwarsa komai ba, an saka su ne kawai don a tafa a silima. Mamaci ba ya iya cewa a'a, wannan kaɗai ya isa a yi hattara. Ko mai rai ma bai tsira ba, Nicolas Cage da aka nuna a matsayin Superman ya faɗa daga baya cewa shi ya je an ɗauke shi yana tsaye, da ya kalli fim ɗin sai ya ga kansa yana faɗa da ƙaton gizo-gizo, abin da bai yi ba a gaban kyamara.