Sati ɗaya kacal ake wa kuka?

Tun jiya raina a ɓace yake. 'Yar ƙanwata da ke karatun harhaɗa magunguna a nan Jidda ta shigo gurup ɗin gida da ƙorafi, kawunnanta na taya ta, wai ɓata lokaci ne. Me aka ce ita da 'yan ajinsu su yi? Su kwana 7 kamar masu ciwon suga: soka yatsa sau 4 a rana, allurar ruwan gishiri a fatar ciki a madadin insulin (maganin suga na allura), lissafin shinkafar da ke faranti kafin loma ta kai baki. Kwana 7 fa!

Inna shekararta 16 a kan wannan. Kan yatsunta duk ya yi tauri.

Watan jiya na raka ta kantin magani. Yaron da ke wurin ya dubi takardar awonta, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce da Larabci ba ta bin ƙa'ida. Inna ta yi shiru har muka iso gida. Bai tambayi dalili ba. Dalilin kuwa, sugan ya taɓa faɗo mata ƙasa da 70 cikin dare, muka tarar da ita tana karkarwa, gumi sharkaf, ba ta gane mu. Tun ranar take rage allurar dare a ɓoye don tsoro. Tambaya ɗaya ta isa ta fito da wannan. Wanda ya taɓa riƙe allura yana jinkirin soka ta a cikinsa zai yi tambayar.

Kawu ya ce lafiyayye ba zai taɓa jin abin da mai ciwo ke ji ba. Haka ne, Kawu, ranar ta 8 yarinyar za ta ajiye allurar, Inna kuwa ba ranar ajiyewa. Amma jiki magayi. Wani kuma ya ce gara su haddace magunguna. Metformin, ƙwayar maganin suga, kowa ya haddace shi, shi ma yaron nan ya haddace. Ɗago kai ne ba a koya masa ba.

Ke kuma 'yata, ki soka yatsan nan, ki rubuta, ki je ki zauna kusa da kakarki.

Af, masu 'yan uwa da za su zo aikin Hajji, ku ja musu kunne kan insulin. Zafi yana lalata shi. Bara a Mina na ga wani dattijo da nasa a aljihun jaka, rana na dukansa tun hantsi. A nemo musu 'yar jakar sanyi tun daga gida, don Allah.