"Ɗari tara ce kawai a rana, Alhaji"

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin masu ba da waya bashi, a Farm Centre ta Kano ne ko Banex ta Abuja ko wani shagon bakin titi a Gusau, ya san maganar da ake tarbarsa da ita. Ba a fara gaya masa kuɗin wayar. Cewa ake yi: "Alhaji, ɗari tara ce kawai a rana, ko kuɗin shayi da burodi ba ta kai ba." In mace ce a ce: "Hajiya, kawo kafin alƙalami ki tafi da abarki yau, sauran a hankali." A wurina wannan salon magana shi ne yaudarar da ta fi kowace yawa a kasuwar waya yanzu, ta ma fi sayar da jabu, domin mai sayar da jabu ya san laifi yake yi, shi kuwa mai ɓoye jimilla gani yake iya ciniki ne.

Mu ɗauki misali mu yi lissafi, don magana ba lissafi a nan ɓata baki ce. A ce wayar kuɗinta naira 150,000 lakadan. Aka karɓi kashi 30 cikin 100 a hannunka, wato 45,000, saura 105,000, za ka biya cikin wata 6. Yaron shago ya ce maka ruwan kashi 9 ne kacal. Kai a ranka ka lissafa kashi 9 na 105,000, ka ga 9,450, ka ce ai wannan ba komai. Abin da bai faɗa ba shi ne 9,450 ɗin nan kowane wata ne. Sau 6 ya zama 56,700. Kowane wata za ka ajiye 26,950, in aka raba shi kwana 30 ga ɗari tara ɗin da aka faɗa maka ta fito, bai yi ƙarya ba a nan. Ƙarshen zance wayar 150,000 ta tashi a 206,700.

Akwai kuma wani abu da ko masu boko ba kasafai suke lura da shi ba. Ruwan nan a kan asalin bashin ake lissafa shi har ƙarshe, ba a kan abin da ya rage ba. A watan ƙarshe bashin da ake bin ka 17,500 ne, amma ruwan yana nan 9,450, fiye da rabin abin da ya rage. Ka kuma tuna mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wanda ke karɓar wannan, sama da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa zai tafi a waya har wata 6. Da an ce masa haka ɓaro-ɓaro tun farko, wani zai karɓa duk da haka, don ɗan acaɓa ko mai POS ko mai sayar da atamfa a WhatsApp yana iya ganin wayar za ta fitar da kuɗinta. Wannan ruwansa. Amma a bari ya zaɓa idonsa buɗe.

Kada wani ya ɗauka ina yaƙi da biya kaɗan-kaɗan ne. Yadda naira ta faɗi tun 2023, ƙaramar Tecno ko Itel da a da talaka ke saya da albashin wata guda ta fi ƙarfin hannu, kuma wannan tsari ya sa waya a hannun mutane da yawa da ba su da hali. Kulle wayar ma in an ƙi biya, ban ga laifinsa ba in an faɗa tun farko, don 'yan kasuwa sun sha wuya a hannun masu karɓar kaya su kashe layi su ɓace. Abin da nake ƙi shi ne cinikin biri a sama, a sa mutum hannu kan kuɗin da bai san ƙarshensa ba.

Mutane da yawa ba su san doka ta yi magana a kan wannan ba. Akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, a madadin tsohuwar hukumar kare masu saye, CPC. Sashe na 115 ya ce a bayyana farashin kaya, kuma ba a karɓar fiye da abin da aka bayyana. Sashe na 114 ya ce duk takarda ko sanarwa da za a ba mai saye ta zama cikin harshe mai sauƙi, wanda mutum mai matsakaicin karatu zai gane ba sai an yi masa fassara ba. Amma wanda ya fi shafar zancenmu shi ne sashe na 125. Ya haɗa kamfani da duk wanda ke aiki a madadinsa, ya haɗa magana da aiki, ya haɗa faɗa kai tsaye da faɗa a kaikaice. Bai tsaya nan ba, ya ce ko ka ga mai saye ya fahimci abu a karkace ka yi shiru ba ka gyara masa ba, laifi ne, kuma akwai diyya da mayar da kuɗi. To yaron da ya ji Alhaji yana cewa "wato dubu tara da ɗoriya zan ƙara ke nan" ya gyaɗa kai ya ci gaba da danna waya, ya faɗa cikin wannan sashe, shi da kamfanin da ya ba shi riga da hula.

Sashe na 124 kuwa kamar da mutanenmu aka rubuta shi. Ya hana a ci da gumin mutum saboda rashin karatunsa ko rashin jin harshen da aka rubuta yarjejeniya da shi. Ku duba yadda ake yi: sharuɗɗa shafi-shafi da Turanci a allon waya, ba ma wayar mai saye ba, ta wakili. Shi zai ja da sauri zuwa ƙasa, shi zai danna amincewa, ya ɗauki hotonka da katin NIN, ya karɓi lambar BVN da lambobin 'yan uwanka biyu, ya ce "shi ke nan maigida, Allah ya sa albarka." In rigima ta taso kamfani ya ce ai ka yarda da sharuɗɗa. Yaushe? Da wane harshe? Hukuncin da dokar ta tanada ba na wasa ba ne: mutum ɗaya har ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 10, kamfani kuma miliyan 100 ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Shi yaron, gaskiya, ba shi na fi zargi ba. Ɗan kamasho ne, kan kowace waya da ya fitar ake ba shi la'ada, ranar da bai fitar ba ya koma gida hannu rabbana. Wanda ya tsara a biya shi kan yawan waya, ba kan yawan waɗanda suka gama biya lafiya ba, ya san irin bakin da yaron zai yi amfani da shi. Ba a nan kaɗai ake haka ba. A Ingila, a 2019, hukumar kula da harkar kuɗi ta ci kamfanin Carphone Warehouse tarar fam miliyan 29.1 saboda ma'aikatansa sun yi shekaru suna cusa wa masu sayen waya inshorar da wasunsu ba sa buƙata. Kamfanin aka kama, ba yaran kanti ba. Daga Janairun 2025 kuma hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta wajabta wa kamfanoni su faɗi duk ƙarin da za su yi a tsakiyar yarjejeniya da fam da kwabo tun ranar saye, ta hana a ɗaura shi a kan hauhawar farashin da ba wanda ya san yadda zai kasance. Sun gane cewa kashi kaza cikin ɗari maganar 'yan banki ce, mai saye kuɗi tsaba yake ganewa.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke tattauna wannan ta fuskar addini. Da an taɓo zancen, sai gardama ta koma kan riba ce ko ba riba ba ce, a raba gari biyu, a tashi. Wannan tambaya ce babba, na bar wa malamai. Amma su malaman da suka halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na lakadan, sharaɗinsu shi ne a yanke kuɗi ɗaya sananne kafin a rabu, kuma kada ya ƙaru don an yi jinkiri. Ke nan ko a wurin masu sassauci, cinikin da mai saye bai san jimillarsa ba bai tsaya da ƙafarsa ba. Kuma kowa ya san hadisin tsibin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai abincin nan bai furta ƙarya ba, busasshen kawai ya sa a sama.

Bayan ruwa akwai ƙananan kuɗaɗen da ba a ambata sai an riga an shiga. Tarar jinkiri, wani lokaci tana hawa kullum. Kuɗin rajista ko na inshora da ake cusawa cikin kafin alƙalami. In ka samu kuɗi ka ce za ka biya duka a wata na 2, za a rage maka ruwan sauran watannin ko sai ka biya shi cif? Tambaya ce da ya kamata a amsa kafin a buɗe kwali. Sai garaɓasar data: "akwai data kyauta ta wata shida," alhali sau da yawa nufin shi ne sai ka saya a ninka maka. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, data ba ƙaramin kashe kuɗi ba ce, kuma ita manhajar da ke kulle wayar tana son intanet kafin ta gane ka biya ta buɗe maka. Na bar zancen masu sayar da wayar da ba su gama biya ba ga wani bawan Allah, bayan mako biyu ta kulle a hannunsa. Wannan rubutu ne na daban.

To in an riga an yi wa mutum, ina zai nufa? Abu na farko, kada ya daina biya cikin fushi. Wayar za ta kulle, tara ta hau, a fara kiran 'yan uwansa, kuma sunansa na iya shiga rajistar masu taurin bashi ta lambar BVN, gobe ya nemi rance a banki a hana shi. Ya fara kai kuka ga kamfanin a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, ya faɗi ranar saye da shagon da abin da aka gaya masa da abin da ya tarar. Ya ajiye hoton allon da ke nuna jadawalin biya da kowane alat na banki. In da takardar talla ko hoton allon shago mai ɗauke da farashi, ya fi komai. In ba su saurare shi ba sai FCCPC, ana shigar da ƙorafi ta shafinta na intanet ba ko kwabo, kuma tun 2022 ta sa masu ba da rance ta waya su yi rajista da ita, don haka tana da igiyarsu a hannu. Kano na da tata hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha. Akwai kotunan ƙananan ƙararraki a Kano da Legas da wasu jihohi, inda mutum ke iya tsaya wa kansa ba lauya. In matsalar ta layi ce, kamar garaɓasar da ba ta zo ba ko cire kuɗi ba dalili, a fara kiran kamfanin layin a 300 a karɓi lambar ƙorafi, in ba a gyara ba a kira NCC a 622, kyauta ne. Shi kuma rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a dawo da su, ba ya goge haƙƙin da doka ta bayar. Sashe na 132 ya ba da wata 3 a mayar da kayan da suka fito da aibi.

Na san abin da za a ce: wa zai bi gwamnati kan dubu hamsin? Kuma da gaskiyar mai faɗa. Hukumar FCCPC da ta iya cin kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024, ba a cika jin ɗuriyarta a layin 'yan waya ba, kuma shafin ƙorafin nata da Turanci yake, ga mutumin da Turanci ne ya fara cutarsa. Amma mu ma "na bar shi da Allah" ta yi mana yawa. Barin mutum da Allah ba ya hana ka rubuta ƙorafi. Hukuma ba ta motsi kan mutum ɗaya, amma in ƙorafi 200 suka taru kan kamfani ɗaya daga gari ɗaya, dole wani ya tashi daga kujera. Sannan mun ɗauki neman rasit tamkar zargi ne, sai ka ji ana "haba Alhaji, tsakaninmu?" Sashe na 118 ya ce a ba mai saye shaidar ciniki a rubuce. Ka ce masa eh, tsakaninmu, rubuta.

Inda nake ganin gyara zai fi sauri shi ne wurin shugabannin kasuwa. Ƙungiyar 'yan waya da ke iya rufe shagon wanda aka kama da wayar sata, tana iya cewa duk mai teburin bashi a kasuwarta sai ya ba mai saye 'yar takarda da Hausa, da boko da ajami in ta kama, kafin a ɗauki hotonsa. A rubuta kuɗin wayar lakadan, da abin da zai bayar yau, da abin da zai riƙa biya da ranakunsa, da jimillar duka in ya gama, da tarar kwana ɗaya in ya makara. Wakili ya sa hannu da sunansa da lambar shago, mai saye ya tafi da kwafi. Kamfanin da ya ce ba zai iya ba, a ɗauke masa tebur.