Daga Ikorodu zuwa Epe a kan keke: riya ce ko sadaka?

Tun da na saka hotunan tafiyar da muka yi a kan keke daga Ikorodu zuwa Epe don tara wa masu cutar sikila kuɗi, saƙonni ba su daina shigowa ba. Masu addu'a, Allah ya bar zumunci. Amma 'yan'uwana na Agege da Mile 12 tambaya ɗaya suke ta nanatawa: in dai taimako ake son yi, me ya hana a miƙa kuɗin kawai, sai an je an ƙona fata a rana? Wani ma ya rubuto mini a WhatsApp cewa wannan ai riya ce aka sa wa hular kwano. Maganar ta ba ni dariya, amma ban yarda da ita ba, kuma ga dalilina.

Yadda abin yake, kowane mahayi zai bi 'yan'uwa da abokan arziki su yi masa alkawarin wani abu a kan kowace kilomita da ya taka. Wani naira ɗari, wani ɗari biyar, mai hali ya fi haka. Da na je wurin kawuna da ke sayar da albasa a Mile 12, sai da ya kalle ni sama da ƙasa.

"Kai yaro, da girmanka da iyalinka za ka hau keke har Epe? In kuɗin mota ne babu ka faɗa mini."

Na ce, "Kawu, ba ni za ka ba ba, yara masu amosanin jini za a saya wa magani."

Ya yi alkawarin nasa, sannan ya juya yana kiran maƙwabtan rumfa su zo su ji abin mamaki. Kafin in bar wurin, dattawan da ban taɓa jin sun ambaci sikila ba suna gardama a kan ko gado ake yi ko kuwa iska ce. Da na zo da roƙo kawai, dubu ɗaya zai zaro ya ba ni ya koma kan buhunansa, shi ke nan an wuce wurin. Keken ne ya tsayar da su. Mutum yana son ya ga wani ya sha wuya kafin ya yarda da gaske yake, kuma ni ban ga laifin yin amfani da wannan hali na ɗan Adam ba in dai alheri za a cim ma.

Kuma maganar ta cancanci a tsaya a kanta. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya; ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ƙwayar gadon cutar a jininsa, ba tare da ya ji komai a jikinsa ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai cutar sikila. Wanda ya taɓa kwana da yaro yana kukan ciwon ƙashi, ana neman jinin da za a ƙara masa da tsakar dare, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin da ke nuna ko mutum AA ne ko AS. Mu kuwa a nan Legas, cibiyar sikila ta ƙasa tana Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na LUTH, a cikin unguwar da Hausawa suka yi kaka-gida, amma aure nawa ake ɗaurawa a masallatanmu ba tare da wani ya tambayi takardar gwaji ba?

Bari in ɗan taɓa tafiyar kanta, don wasu gani suke yawon buɗe ido ne. Bayan sallar asuba muka tashi daga Ikorodu. Da an wuce Imota, inda aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa a 2023, sai Legas ɗin da ka sani ta ɓace. Babu ihun yaran danfo, babu cunkoso, sai gonakin rogo da itatuwan kwakwar manja da mata masu suyar gari a bakin hanya, hayaƙi na tashi. Wallahi akwai waɗanda suka shekara ashirin a Legas ba su san jihar tana da ƙauye irin wannan ba. Iyakarsu rumfa, masallaci, tashar motar gida. A Agbowa yara suka biyo mu da gudu, da suka ji muna Hausa sai ihu ya koma "Aboki! Aboki!" Har zuwa nan daɗi ne.

Daga mahaɗar Itoikin, inda hanya ta rabu ɗaya ta nufi Ijebu-Ode ɗaya Epe, labari ya sha bamban. Rana ta take, kuma zafin nan ba irin na gida ba ne da gumi ke bushewa. Riga jiƙewa take ta manne a baya. Sirdi ya fara cizo, yatsun hannu suka yi sanyi saboda riƙe kan keke a gargada. Wata tifa shaƙe da yashi ta wuce mu kamar za ta goge mini gwiwar hannu, iskarta ta jefa ni gefen kwalta, tayar baya ta taka wani abu ta sace. Ina durƙushe ina cire taya, hannu duk baƙin man sarƙa, wata tsohuwa mai sayar da ayaba ta turo jikarta da kujera da ruwan leda, ta ƙi karɓar ko sisi. Ba ta san me muke tarawa ba, ta ga mutane a wahale ne kawai. Sannan ga hawan shiga Epe, garin da Sarki Kosoko ya yi gudun hijira zuwa cikinsa a 1851 bayan Turawan Ingila sun yi wa Legas ruwan wuta. A wannan hawan kowa ya yi shiru, sai numfashi da ƙarar giya. Kifin da muka ci a kasuwar bakin ruwa kuwa, ba zan ce komai ba kada a ce shi ya kai mu.

Yanzu batun riya. Ni ba malami ba ne, amma aya ta 271 a cikin Suratul Baƙara a bayyane take: bayyana sadaka abu ne mai kyau, ɓoye ta a ba matalauta ya fi alheri. Ba a haramta bayyanawa ba. Abin da ke cikin zuciyar mahayi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kamar yadda yake ga attajirin da ake kiran sunansa a lasifika ranar neman gudummawar ginin masallaci, kuma ban taɓa jin an mayar masa da kuɗinsa ba. Irin sadakarmu ta hannu da hannu tana da ladanta, sai dai a ranar ake cinye ta. Mai sikila kuwa magani yake sha kullum, wata da watanni, kuma wannan sai an haɗa kuɗi wuri guda an ɗora wa wani alhakin kula da shi.

Inda masu suka suke da gaskiya shi ne wajen lissafi. Na ga keken da kuɗinsa ya fi abin da mai shi ya tara nesa ba kusa ba. Wannan bai dame ni sosai ba, kekensa ne, da kuɗinsa ya saya. Abin da ya dame ni shi ne a cire kuɗin riguna da mai hoto da man motar rakiya daga cikin abin da aka tara da sunan marasa lafiya, ba tare da an gaya wa masu bayarwa ba. Duk wanda ya zo muku da irin wannan tafiya, ku tambaye shi tun kafin ku sa hannu a aljihu: wa za a ba, nawa ne zai tafi ɗawainiya, yaushe za a nuna rasit? In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Mu ma ku yi mana wannan tambayar, ba za mu ji haushi ba.

Akwai kuma raini da muke yi wa keke, wanda nake zargin shi ne ainihin abin da ke ƙarƙashin maganganun nan. Kakanninmu da keken Rali suka yi fatauci da zumunci, ango ma da shi yake taƙama. Yau an mai da shi alamar karayar arziki. A 2001 da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya ce a koma hawa keke, dariya aka yi ta yi masa, da mota ta ture shi cikin kwata a Abuja kuwa sai dariyar ta ƙaru. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na lura masu dariyar sun ragu.

Roƙona ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da shugabannin kasuwanninmu shi ne, a tafiya ta gaba a samu matasanmu a ciki da yawa, ba 'yan tsiraru ba. Yaran da ke tura baro da dakon buhu tun safe sun fi yawancin waɗanda muka hau tare ƙarfin ƙafa, abin da suka rasa keke ne da hular kwano, kuma ana iya aro. Wanda ba zai iya hawa ba ya tsaya a Agbowa ko Itoikin da ruwa da ayaba. Limamai kuma su taimaka da magana ɗaya kafin ɗaurin aure: an yi gwaji?